Jini a Motar Gyaɗa

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dingaya, ni da ƙanena, a bayan motar gyaɗa, za mu Birnin Kudu sayen garma. Damina ta cinye hanya, ramuka sai ka ce da gangan aka haƙa su. A Sara muka tsaya cin ƙosai. Mai ƙosan ta rantse ba ta san wata naira ba, a yi mata magana da sule. Nan wani dattijo makiyayi ya hau, ya zauna kusa da ni.

Ba mu yi nisa ba ya fara tari. Sai ga jini ja wur, mai kumfa, ya cika masa tafi ya zubo a riga. Mutane suka dare. Wani ya ce tarin fuka ne, wata ta ce sammu. Direba ya taka birki, ya ce a sauke shi gindin tsamiya, shi ba zai shiga gari da gawa ba.

Na ce, "Malam, da ransa. In ka sauke shi sai ka sauke ni, kuma duk tasha sai ta ji abin da ka yi."

Na taɓa aikin ɗaukar masu rauni lokacin yaƙin basasa, na san shaƙewa ce ke fara kashe mai irin wannan. Na ce, "Baba, ta ina kake jin abin?" Ya dafa gefen ƙirjinsa na dama. Na kwantar da shi a kan wannan gefen don kada jinin ya malala cikin lafiyayyen huhun, ƙanena yana share masa baki. Wata tsohuwa ta miƙo rubutu a kwalba, na ce ta ajiye masa sai ya farfaɗo, yanzu ko ruwa ba zai sha ba. Ta zage ni tas, na shanye.

Direba ya ja mota yana ƙunƙuni. Ban taɓa murnar hango duwatsun Birnin Kudu kamar ranar ba. A asibiti aka sa wa Baba iska a hanci, aka ƙara masa jini. Likita ya ce ba a san dalili ba tukuna, sai an ɗauki hoton ƙirji.

Washegari na leƙa shi, na tarar yana zaune yana cigiyar shanunsa. Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo, ba sai an san sunan cuta ake tsaya wa mai ita ba. Waɗanda suka ji labarin a gida suka ce wai na yi wa manya tsaurin ido. Na yi, kuma gobe ma in ta kama zan ƙara.