Na Kai Dokin Kawu Sukuwar Djougou

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Zangon Parakou, ni da Kawu da babban ɗansa, wato taubashina, sai fasinja na huɗu wanda shi ne dalilin tafiyar: baƙin dokin Kawu, irin wanda mahaya ke kira akawal. Ku da kuke bibiyata kun san ni da doya. Ita nake lodi daga ƙauyuka ina saukewa a kasuwa, kuma ba ta taɓa yi mini gardamar shiga mota ba. Doki kuwa sai da na ja kamiyon, wato babbar motata, da baya na jingina shi da wani tudun jar ƙasa, muka shimfiɗa yashi a ciki don kada kofato ya zame, Kawu ya rufe masa ido da tsohon rawaninsa yana ta yi masa magana a kunne, sannan ya yarda ya taka. Ni ban taɓa leƙa filin sukuwa ba, ban kuma taɓa ɗaukar kaya mai numfashi ba.

Bari in gaya muku abin da ke ƙasa, don ku san irin nauyin da na ɗauko. Kawu ya reni dokin nan tun yana ɗan duƙushi. Doki na ƙara ƙarfi, Kawu na ƙara rauni. Gwiwa ta hana shi hawa, bara ma dokin ya fizge shi a ƙofar gida har ya kwanta jinya. Unguwa ta cika da gini, ciyawa sai an sayo, kuma taubashina da ke sayar da kayan waya a Cotonou shi ke ɗauke da dusa da harawa. Aka yi ta ja-in-ja har magana ta kai gaban limamin unguwa. A can aka tsaya a kan cewa za a kai doki babbar sukuwar Djougou, inda masu saye ke taruwa. In ya yi gudun da wani ya taya da gaske, Kawu zai sallama. In ba wanda ya taya, doki ya dawo gida, kuma ba mai sake tayar da zancen muddin Kawu na raye.

Kawu ya ƙi zama a gaba. Bayan mota ya hau, ya zauna kan damin harawa kusa da ƙafafun doki. Saboda haka idona ɗaya na kan kwalta, ɗaya na kan madubi. Ni da na saba taka mota har ƙasa, ranar nan masu zemijan, wato ’yan acaɓa, da buhun gawayi a baya suna wuce ni suna waiwaye. Ko wane tudun rage gudu na hau, sai in ji dum a baya, in leƙa madubi. Taubashina kuwa ba abin da ya dame shi sai waya. Ya ce mini, “Kai direba, a haka sai an watse za mu isa.” Na ce masa ya sauka ya tura, tunda shi ne mai gaggawar rabuwa da dokin. Bai yi dariya ba. Na yi nadamar wasan, amma ya riga ya fita.

A Bétérou muka tsaya karin kumallo, daf da gada. Koko da ƙosai, ga kifi banda jere a kan tebura, ga matan Fulani da wagashi, cukunsu mai jan baya, ƙwarya-ƙwarya. Na jika guda, wato sefa dubu, yanzu bai fi tafin hannuna ba, alhali da can mutum uku ke raba shi. Kawu bai sa komai a baki ba sai da ya dama wa doki dusa da kanwa, ya tsaya a kansa har ya shanye. ’Yan sandan da ke shingen gaba ko takarduna ba su gama dubawa ba suka zagaya baya suna ɗaukar hoto. Ɗayansu ya tambaya da Faransanci ko dokin na shugaban wani gari ne. Kawu ya ce a gaya masa na tsohon ɗan goro ne.

Daga nan hanya ta miƙe tsakanin gonakin yazawa da na auduga. A Onklou na ga doya tsibi-tsibi a bakin hanya, manya, sabon haƙa, masu ita na ɗaga mini hannu don sun gane motar. Raina ya biya, amma ba halin tsayawa. Rana ta fara zafi, dokin ya soma buga ƙafa yana huci, ni kuma na rasa wanda ya fi: in ƙara gudu ya sha iska, ko in rage kada ya faɗi. Haka na yi ta yi, in taka in saki, har muka shiga Djougou kafin azahar, wuyana ya ƙage saboda kallon madubi.

Mun sauka gidan dangin Kawu, jikokin fataken goro da suka daɗe a garin. Hausarsu ta sha yaren Dendi, in ta ƙare musu su ƙarasa da Faransanci, amma karɓar baƙo ba a koya musu. Suka kawo wasa-wasa, wato dambun garin doya, da mai da yaji, kafin mu sauke numfashi ga sakwara da miyar gyaɗa. Na ci, amma ban ji daɗinta yadda ta cancanta ba. Mahayin da zai hau akawal ya zo gaishe mu. Mutumin Kolokondé ne, siriri, da furfura a gemu, ba ya yawan magana. Ya daɗe yana zuwa Parakou yana motsa dokin, don haka sun san juna. Ya shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni ya ce, “Direba, ka kawo shi lafiya.” Wannan ce kalmar farko da ta sanyaya mini rai tun safe.

Washegari bayan azahar muka nufi fili, can bayan gari ta hanyar Sérou. Jama’a, ashe akwai duniyar da ban sani ba a kusa da ni haka. An kewaye fili da igiya da turaku, motar ruwa na yayyafi, lasifika na magana da Faransanci da Dendi da Hausa duk a numfashi ɗaya. Dawaki daga Kandi da Malanville, daga Nijar da Nijeriya da Togo. Masu tsire, masu rake, masu dege, wato gero da nono, da zoɓo mai ƙanƙara, kowa ya ƙara kuɗin kayansa don ya san ba inda za ka je. Mahaya da yawa ba takalmi, wasu ko sirdi babu. Ni da ban san kan fili ba na je na tsaya daidai kwana, don na ga wurin ba kowa. Wani dattijo ya jawo ni ta riga ya ce, “Baƙo ne kai ko? Nan dawaki ke zubar da mutane.” Ban gama matsawa ba rukunin farko ya iso. Ba da kunne na fara jin su ba, ƙasa ce ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafata. Suka wuce, suka bar ni da jar ƙasa a baki.

Na kasa tsayawa wuri ɗaya. In je bakin igiya, in koma inda aka ɗaure akawal, in sake dawowa. Dillalai sun kewaye shi, wannan ya buɗe haƙora, wancan ya ɗaga kofato, kowa na kushe abin da yake so. Akwai wani Alhaji daga tsallaken kogin Kwara wanda bai taɓa dokin ba ko sau ɗaya. Ya tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, ya ce wa taubashina, “Sai na ga gudunsa.” Na ga Kawu ya bi shi da kallo har ya shige rumfa.

Da aka kusa kiran rukuninmu, Kawu ya ja ni bayan mota.

“Ɗana, je ka sami mahayin nan. Ka ce in ji ni, ya riƙe shi. Kada ya sake masa linzami. Ya shigo cikin na baya.”

Na ce, “Kawu, mutane fa za su yi mana dariya.”

“Su yi. In sun gama, ni da dokina mu koma gida.”

Hankalina ya rabu biyu. Ga taubashina can yana ta murmushi da dillalai, bai san abin da ake ƙullawa ba, kuma ba mugunta ce ta sa shi son sayarwar ba, tsoro yake kada doki ya kashe masa uba. Ga kuma ƙanin mahaifiyata yana roƙona da ido. Na tafi. Mahayi ya saurare ni, sannan ya ce, “Dattijo ne ya faɗa da bakinsa?” Na ce shi ne. Ya ce, “To. Amma wannan dokin ba ya son riƙo. Bakinsa zai ji jiki.”

Aka jera su, aka saki tuta. Duk suka fita kamar an watsa tsakuwa, akawal na can baya. Ba rashin gudu ba ne, kowa na ganin yadda yake fizgar kai, wuyansa a lanƙwashe, mahayi ya kwanta baya yana ja da dukan ƙarfinsa. Wani a bayanmu ya ce a kai shi jan amalanke, aka kwashe da dariya. Taubashina ya riƙe kai. Kawu bai motsa ba, ya ƙanƙame igiya da hannu biyu. Da suka zagayo ta gabanmu na ga kumfar bakin dokin ta koma ja. Linzami ya yanke shi, jini na ɗiga a ƙirjinsa, kuma bai daina neman hanya ba.

Ban san lokacin da Kawu ya sunkuya ya shige ƙarƙashin igiya ba, da gwiwar nan tasa da ko tabarma ba ya tashi daga kanta sai an kama shi. Masu tsaron fili na daka masa tsawa, shi kuwa ya cire hula yana kaɗawa. Da suka sake zagayowa ya buɗe murya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba: “Sake shi! Sake masa!”

Mahayi ya saki. Ban iya kwatanta muku abin da ya biyo baya yadda ya kamata. Dokin ya miƙe, ya yi ƙasa-ƙasa, ya soma tsince su ɗaya bayan ɗaya ta waje, inda hanya ta fi tsawo. Masu dariyar ɗazu su ne suka fi kowa ihu. Na tsinci kaina ina gudu a bakin igiya, takalmina ɗaya ya fita ban koma kansa ba. Bai zo na ɗaya ba. Wani kili, farin doki daga Nijar, ya riga shi da tsawon wuya. Amma duk wanda ke filin ya ga daga inda ya taso. Kawu ya rungume wani mai rake da bai taɓa gani ba, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Yana cikin haka ya hango Alhajin nan ya fito daga rumfa ya nufo mu, sai dariyar ta tsaya.

A gindin wani mangwaro aka zauna. Ba zan faɗi abin da aka taya ba, amma tayi ne na gaske, ba wanda zai ce wasa ne. Taubashina ya dubi mahaifinsa, ya dubi bakin dokin da mahayi ke wankewa da ruwan gishiri. Ina jin a nan ya gane abin da ya faru a zagayen farko. Ya matsa kusa ya ce a hankali, “Baba, in ba ka so, a bar shi. Ni na janye.”

Kawu ya girgiza kai. “Na yi magana a gaban liman. Kuma ka ga abin da na gani. Wannan ba dokin da za a ɗaure a tsakar gida ba ne, wurin tsohon da ba ya iya hawansa.” Ya miƙa wa Alhaji hannu ya ce ya sallama.

A wurinmu ba a sayar da dabba da igiyarta. Mai saye ya zo da tasa, mai sayarwa ya koma gida da tsohuwar, don albarkar kiwo ta zauna a gidan, wata dabbar ta zo ta maye gurbi. Mutumin Alhaji ya kawo sabuwar ragama, ya kai hannu zai kwance ta Kawu, wadda shi ya tufka ta da hannunsa. Kawu ya dafe hannun.

“Bar masa. Ya saba da ita.”

Alhaji ya ce, “Malam, ragama ai taka ce.”

Kawu ya ce, “Na sani.”

Da safe muka juyo. Kawu ya zauna a gaba, tsakanina da ɗansa, ya ɗora hannu a gwiwa. Mota ba kaya, sai ƙara take yi a kan kowane rami, kuma ba wanda ya ce in ƙara gudu ko in rage. Wajen Bétérou taubashina ya sauka ya sayo wa mahaifinsa koko, ya riƙe masa kofin har ya sha. Ni dai abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, na je ina zaton sukuwa wasan masu kuɗi ne da masu neman suna. Akwai su, na gan su. Amma na ga mutum ya sami hanyar riƙe abin da ya fi so a duniya, hanyar ta kusa kai shi, ya bar ta don ba zai iya kallon jini a bakin dokinsa ba. Ban san ko ni zan iya ba.

Mun iso Parakou kafin azahar. Inna, matar Kawu, na zaune a zaure tana jiranmu. Ta leƙa bayan mota, ta ga yashi da ragowar harawa, ba ta yi mamaki ba, don ta san da haka aka tafi. Ta yi mana sannu da hanya, ta karɓi jakar Kawu, ta buɗe ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta ɗago.

“Malam, ina ragamar?”

Kawu ya ce, “Na bar masa.”

Inna ta dube shi. Ta ajiye jakar, ta koma ta zauna a dakalin zaure, ta matsa gefe ta bar masa wuri.