Watandar Mushe Mainasara

Mainasara ɗan Gure ne, haifaffen unguwarmu, ba irin malaman lakwal, wato makarantar boko, da ake turo mana daga yamma ba. Ubansa tabarmar kaba yake saƙawa. Lokacin da aka zo ɗibar yara lakwal, masu hali suka ɓoye nasu a ƙauyuka, shi kuwa ba wanda ya damu ya ɓoye shi, aka tafi da shi. Bayan shekaru ya dawo da tabarau da wando mai karin guga, aka ba shi aji, muka koma ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Tun daga nan bai ƙara gaida babba da hannu biyu ba.

Ban ce bai iya aikinsa ba. Yaran da suka bi ta hannunsa sun iya lissafi, wannan kam ba mai musu. Abin da ya lalata shi wani hutun damina ne da aka kai su Damagaram ƙarin karatu. A can wani Nasara ya koya musu lissafin sa'a, wato yadda ake gane wasan da ke da adalci da wanda ake cutar mutum a ciki. Sauran malamai suka ji, suka dawo, suka manta. Shi kuwa abin ya shiga kansa ya ƙi fita.

Ga yadda yake koyar da shi. Sai ya kife ƙoƙo uku a kan tebur, ya ɓoye dabino shida a ƙarƙashin ɗaya, ya jujjuya su. Wanda ya buɗe mai dabinon ya kwashe. Sai ya tambayi aji, dabino nawa ya kamata mai shiga ya ajiye kafin a ce wasan na adalci ne? Amsa biyu ce, don in ka raba shida ga ƙoƙo uku, kowane biyu zai samu. Wannan biyun shi yake kira rabon da ake sa rai. In ka ajiye uku, mai ƙoƙo na cin ka a hankali ba ka sani ba. In ka ajiye biyu, kana iya faɗuwa yau, ka faɗi gobe, amma in aka yi ta maimaitawa ba ka ci ba, ba a ci ka ba.

Lissafin daidai ne, kuma ya yi amfani. Ɗan Talata mai cacar kwalaye a kasuwa sai da ya rasa samarin da suka yi aji wurin Mushe. Da Mainasara ya tsaya nan, da na yi shiru. Amma mutumin ya ɗauko abinsa daga aji ya shigo da shi gari. A majalisa shi ne, a wurin suna shi ne. A zaman makokin wani yaro na ji shi da kunnena yana yi wa mutane bayanin yara nawa cikin goma ƙyanda ke ɗauka, uban yaron na zaune a gefensa. In mutane suka kau da kai, sai ya ce jahilci ne ke damun Gure.

A unguwarmu duk jajiberin ƙaramar salla muna watanda. Gidaje goma za su haɗa, a sayi saniya, a yanka, a kasa kashi goma. Al'adar ita ce kowane kashi ya samu komai: tsoka, ƙashi, tumbi, kitse, ɗan yankin tozo, ɗan yankin hanta. Bayan an daidaita iya ido sai a yi ƙuri'a. Kowa ya ba da alamarsa, tsinke ko tsakuwa, a miƙa wa baƙon da bai san ta wane ce ba, ya jefa a kan kashi. Inda alamarka ta sauka nan ne naka, ba rigima.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye dabbobi, saniyar kirki sai an tona. Mainasara ne mai albashi, shi ya je har Kelle ya samo mana wata da ta ɗan tsira da jikinta, don haka shi ya zama jagoran watandar. Cikin gidaje goman akwai na A'i, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. 'Yarta Lantana ta haihu a cikin azumin nan, ta zubar da jini da yawa, mijin kuma ya tafi Najeriya neman abinci ba labari. Yarinyar na kwance, idonta fari fat, nono ya ƙi zuwa. Ungozoma ta ce a nema mata hanta da tsoka. A'i ta sayar da akuya ɗaya da fari ya bar mata, ta shiga watanda, don akuyar ta zama ƙashi da fata, ba abin yankawa a jikinta. Duk unguwa an san wannan, har da Mainasara.

Da hantsi Sha'ibu mahauci ya yanka a gindin tsamiya, ya feɗe, ya fara yanka hanta ƙanana kamar yadda aka saba. Sai Mainasara ya ɗaga hannu.

"Dakata, Sha'ibu. Mene ne amfanin wannan ɓata lokaci? Tunda ƙuri'a za a yi, ba sai kashi ya zo daidai ba."

Ya tsuguna ya zana mana a ƙasa da tsinke. Saniya ɗaya ce, mutum goma ne, kowa na da damar samun kowane kashi daidai da ɗan'uwansa. Saboda haka rabon da kowa ke sa rai ɗaya bisa goma ne na saniyar, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Ya ce a bar hanta sukutum, a haɗa ta da tozo a kashi ɗaya, sauran a kasa yadda ya zo. Yau, in ji shi, Gure za ta ga wasan adalci da idonta.

Na ce masa, "Mushe, nama ne fa, ba dabinon aji ba. Akwai masu mara lafiya a gida."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka nuna mini inda lissafin ya karkace."

Ban iya nunawa ba, don bai karkace ba. Na duba sauran maza ko za su kama mini, na tarar idon kowa na kan tozo, ga azumi ya kai su, yawu ya tsinke. Kowannensu ya riga ya ga hantar nan a tukunyar matarsa. Sha'ibu kuwa shanu biyu na jiransa a wata unguwa, aikin ya ragu masa, ya ɗaga kafaɗa. A'i na can gefe da ƙwaryarta, inda mata ke tsayawa. Ba wanda ya tambaye ta.

Aka kasa. Kashi ɗaya ya yi tsibi da hanta da tozo da cinya. Takwas tsaka-tsaki. Na ƙarshe huhu ne da saifa da ƙasusuwan haƙarƙari da aka sule. Aka tare wani mai raƙumi daga Alakos da ke wucewa, aka zuba masa alamu a hannu. Bawan Allah bai san kowa ba, ya bi kashi yana jefawa. Guntun allin Mainasara ya sauka a kan hanta. Sakainar A'i ta sauka a kan huhu.

Ba magudi, duk mun gani. Shi kansa Mainasara ya ɗan yi turus, har na yi zaton kunya za ta kama shi. Wani dattijo, Malam Abdullahi, ya ce a hankali, "Mushe, ka yankar wa baiwar Allah nan hanta, saboda maijego."

"Ba zai yiwu ba, Malam," in ji shi. "In aka canza bayan ƙuri'a ta faɗi, an ɓata adalcin. Da ni huhun ya faɗa wa, da na ɗauka ban ce uffan ba."

Na yarda cewa da ya ɗauka ɗin, shi da ke da albashin sayen wani naman gobe. Ya matsa wurin A'i da fara'arsa ta aji, ya ce, "Inna, ba a cuce ki ba. Damarki da tawa ɗaya ce. In muka yi ta yi, sau goma, sau ɗari, abin da za ki samu da wanda zan samu daidai za su zo."

A'i ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta ce, "Mushe, akuya nawa kake zaton ina da su?"

Ya ce wannan ba ya cikin lissafin.

Ta sunkuya ta kwashe huhunta da ƙasusuwanta. Masu kashin tsakiya muka ɗan zuba mata tsoka, kowa yana kallon ƙasa, amma hanta ɗaya ce a jikin saniya, kuma ta tafi gidan Mushe a cikin daro. Gidan nasa da na A'i zana ɗaya ce ta raba su. Da la'asar matarsa ta ɗora kasko, ƙamshin hanta ya tsallaka ya cika ɗakin maijego. Matata tana wurin, ta je kai musu kunu. Ta ce Lantana ta ɗago kai da ƙyar, ta tambayi uwarta ko tasu ce ake soyawa.