Azumin Dawa

A wata damina, ina ƙaramar yarinya a ƙauyenmu kusa da Dangora, ruwa ya ɗauke bayan dawa ta kai gwiwa. Kullum da rana ganyenta sai ya naɗe kamar tabarma. Baba ya fid da rai, har ya ce wa Jauro, maƙwabcinmu mai shanu, ya kora dabbobinsa gonar washegari. Wannan gonar ce abincinmu na shekara, ni kuwa na tsorata ƙwarai.

Bayan tuwo muka kewaye murhu da kakata Goggo Hajo. Baba yana gefe, ya yi tagumi.

"Ga tawa nan, mai kunne ya matso," in ji ta, tana hararar Baba, ɗanta Sule.

Wai Dawa tana da baki dubu a jikin ganyenta, da su take shaƙar iska, kowane da masu gadi biyu. Rana kuwa ɓarauniya ce, bakin da ta samu a buɗe sai ta zuƙe ruwan cikinsa. Da ƙasa ta bushe, Saiwa ta aiko 'yan aike su ce randa ta kusa ƙafewa. Masu gadi suka rufe, Dawa ta kame baki. Rana ta yi ta zagaye har ta gaji ta faɗi.

"Wanda ya ga mai azumi da la'asar, ai sai ya ce gobe za a yi jana'izarsa. Sule, ka je ka gai da dawarka da sassafe," in ji Goggo.

Bayan asuba Baba ya fita gona, ya tarar ganyen ya miƙe shar, ya wuce rugar Jauro ya ba shi haƙuri, ya ce kada ya kawo shanun. Ruwan ya dawo, ko da yake ba mu cika rumbu ba, mun ci.

Sai a makarantar koyon aikin gona na ga bakunan nan da idona a madubin ƙara girma. 'Yan aiken ma akwai su. Wasu sinadarai ne da ake kira homon a Turance, su ke isar da saƙon ƙishi, masu gadi su saki ruwansu su saɓe, ƙofa ta rufe. In ƙasa ta jiƙe, gari ya waye, wasu sinadaran su sa masu gadin su kumbura, ƙofa ta buɗe.

Ban san ko Goggo ta yarda da tatsuniyarta ba. Ni dai, da gajen haƙurina, yanzu in manomi ya ce min gonarsa ta mutu, sai in tambaye shi da wane lokaci ya duba ta.