Kwalabe Biyu a Sito

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka raba mana aji a makarantar da nake koyar da kimiyya, can wajen Mai'aduwa: maza daban, mata daban. Malami dai ni kaɗai ne. Duk abin da na faɗa da safe sai na maimaita shi bayan tara, da muryar da ta riga ta dishe.

Darasin da ya fi gajiyar da ni shi ne na ƙarafan nan masu laushi, litiyam da sodiyam da potasiyam. In zana da'ira cikin da'ira a allo, in ce kowannensu ilektoron ɗaya gare shi a zagayen waje. Na ƙasa a jadawalin sinadarai ya fi yawan zagaye, ilektoron ɗinsa ya yi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako, shi ya sa ya fi saurin sakinsa ya haɗu da ruwa ko iska. Su rubuta. Ni kaina a littafi na sani.

Alhali akwai sodiyam da potasiyam a sitonmu, kowanne a kwalabarsa, jiƙe cikin kananzir don kada iska ta taɓa su. Shugaban makaranta ya hana a taɓa, wai masu duba makarantu za su nema. Shekara shida ba su nema ba.

Ranar da dattijon da ke riƙe da makullin siton zai yi ritaya, ana cikin hutu, ya kira ni mu duba kaya.

"Malam, zo ka ga kwalabenka. Duk murfinsu ya tsage."

Kananzir ya bushe. Potasiyam ya zama ɓawon gari, ko alamar ƙarfe babu. Ban yarda na taɓa shi ba. Sodiyam kuwa da na yanka da wuƙa, sai ga ɗan tsakiya yana sheƙi. Na gutsuri kamar ƙwayar gero na jefa a roba da ruwa. Ya dunƙule, ya shiga zagaya yana huci, ya ɓace.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

Muka haƙa rami bayan katanga muka binne sauran. Na tayar da babur, sai da na kusa Daura na tuna ban yi masa sallama ba.