Kwalekwalen Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan Kawu Sale a unguwar Madaki da safiyar Juma'a ya san abin da zai tarar: tsoho ya naɗe hannun riga, tsumma a hannu, kwanon man gyaɗa a gefe, yana shafe kwalekwale. Kwalekwale fa, a tsakiyar Gombe! Garin da sai ka tare ɗan garuwa kafin ka yi wanka.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Da ƙuruciya ya yi aikin yankan katako a kurmi. Da za su dawo gida, abokansa suka sayo keke da rediyo, shi kuwa ya ɗoro wannan abu a bayan mota. Daga gungume ɗaya aka fafe shi, na madacin kurmi. Ba irin madacinmu ba ne da ake sassaƙe ɓawonsa a jiƙa wa mai ciwon ciki. Wancan miƙewa yake yi ɗoɗar, sai hularka ta faɗi kafin ka hango reshen farko. Kawu ya sauke shi a fili, sannan ya zagaye shi da gini. Ƙofar da ya bari kuwa, ko akuya mai ciki sai ta karkace take shiga.

Mutumin nan da ba ya ƙyashin mai a jikin itace, a tukunya ƙirga shi yake yi da ido. Matarsa, Goggo Talatu, ta taɓa ce masa, "Malam, miyar nan fa ko ƙyalli ba ta yi."

Ya ce, "Ke kina da bakin neman ƙari. Shi fa?"

Ni katako nake sayarwa, da shi na yi gida na yi aure, kuma ban taɓa ɗora hannu a kan jan itace mai kyan wannan ba. Shi ya sa wata rana na kai masa wani mai yin kujerun manya. Mutumin bai gama gaisuwa ba ya zaro abin awo. Kawu ya zaro taɓarya. Ban san mai ƙiba yana gudu haka ba, takalminsa ma sai aika masa na yi.

Da ƙura ta lafa Kawu ya zaunar da ni. Ya ce, "Garba, da hannun nan na tsaga irinsu ba adadi, na mai da su falle-falle kamar burodi. Wannan ɗaya na ce a bar min shi da tsawonsa. Rantse ba za ka bari zarto ya taɓa shi ba, ina raye ko ba na nan."

Na ce, "Haba Kawu, har da rantsuwa?"

"Ɗan kasuwa ne kai. In ba ka rantse ba, ciniki muke yi."

Na rantse. Na ɗauka magana ce ta wuce.

Maƙwabcinsa na jikin katanga, Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta ne mutumin Kaltungo, kuma ba ya wucewa bai tsokane shi ba. Sai ya leƙo ya ce, "Sarkin ruwa, yaushe za a fara lodin dabbobi?"

Kawu ko ɗago kai ba ya yi. "Ka zo da wuri, Malam. Gurbin jaki ɗaya ya rage."

Sai kuma shekarar da ruwa ya cika kwari ya shigo unguwa har gwiwa. Muka ce to, yau ranar Kawu ta zo, yau masu dariya za su ji kunya. Muka ruga. Wallahi mun same shi tsamo-tsamo a tsakar gida, ya ɗora kwalekwalen a kan bulo, ya lulluɓe shi da tamfol, tabarmi da buhun masara kuwa suna yawo a ruwa.

Baba Yohanna ya ce, "Sale, ga ruwa ya zo har gida!"

Kawu ya ce, "Ruwan kwata? Ruwan kwata zan sa wa madacin kurmi? Ku kama min nan, iska na ɗaga tamfol!"

Muka kama. Me za mu yi?

Da Allah ya karɓi ran Kawu bara, dariya ta koma kaina. Aka zo rabon gado, gida ƙarami, kwalekwale ya cinye rabin tsakar gida. Babban ɗansa Nasiru ya ce, "Yaya Garba, kai ne mai inji. Kawo a tsaga, a sayar, a yi wa Goggo ɗaki a wurin." Gaskiyarsa ce. In na kawo inji na ci amanar mamaci, in na ƙi na tauye marayu. Abinci ya daina yi min daɗi.

Na shiga nema, har na dace da wani masunci a madatsar ruwan Dadin Kowa, Malam Audu. Ya ce zai saya ɗungurungum, kuɗin kuma ya isa ɗaki, amma da sharaɗi: "In ya tsaya a kan ruwa, nawa ne. In ya nutse, ka kwashe itacen girkinka."

Fitar da shi sai an fasa katanga, lungun gidan kuwa mota ba ta shiga. Baba Yohanna ya ce, "Ku fasa ta wajena, ni ne a bakin titi. Shekara da shekaru ina jiran in ga tafiyar jirgin nan."

Muka ɗora a mota, Goggo da Baba a gaba. A Kwadon har masu tallar gwaiba suka bar faranti suna kallo.

Muna tura shi cikin ruwa ya fara sha ta ko'ina, ta tsagar da ido ma bai gani ba. Kafin a jima ya cika ya kwanta. Na ɗora hannu a ka ina salati. Malam Audu ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Ƙishirwa ce. A bar shi ya sha, itace zai kumbura ya rufe bakinsa." Ni da nake sayar da katako na san haka, amma a ranar ilimin ya gudu ya bar ni.

Bayan 'yan kwanaki muka koma. Aka kwashe ruwan da ƙwarya, Malam Audu ya shiga, ya sa filafili. Kwalekwalen nan ya tsaga ruwa sumul, ja jawur a cikin rana, cikinsa ƙayau. Na zauna daɓas a kan yashi ina ta hamdala.

Baba Yohanna ya cire hula. Goggo ta daɗe tana bin sa da ido har ya yi nisa. Can ta ce, "Ashe haka yake tafiya." Ta ja mayafi ta share fuska.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata masa makwanci, ya ƙetarar da shi lafiya. Mu kuma da muka yi ta yi masa dariya, Allah ya sa ya yafe mana. Amin.