Ranar da Wagiran Ya Miƙa Guduma

A maƙerar Pak Sutarmin, wato Malam Sutarmin a yarensu, mutum tara ne ke dukan tagulla tun hantsi har la'asar, amma mutum ɗaya ne ke sa ta magana. Taran nan su narka, su zuba, su jawo ta daga wuta ja wur, su yi ta kirɓa har ta zama gong, wato ƙaton farantin kiɗa, faffaɗa, da tudu a tsakiya. In ka buga shi a lokacin, ba abin da za ka ji sai ƙarar tsohon tire. Sai ya huce a rataye shi, a ce a kira Wagiran.

Wagiran ɗan guntun mutum ne mai gwame, shekararsa sittin da huɗu, hamsin daga ciki a hayaƙin gawayi ya cinye su. Kayan aikinsa uku ne kacal: guduma, alli, da curin yumɓu a ƙoƙon kwakwa. Ya liƙa yumɓu nan, ya buga, ya karkata kai. Ya ɓamɓare ya liƙa can. Inda yumɓun ya gyara murya, nan guduma za ta sauka. Abin da yake nema shi ne ombak, igiyar nan da ke cikin muryar gong. Sauti biyu ne ke zaune a cikin tagullar, kusan ɗaya amma ba ɗaya ba. Su haɗu murya ta cika, su rabu ta lafa, sai kunne ya ji wung, wung, wung, tana tashi tana kwanciya har ta ɓace. Wani ya shekara ashirin yana nema bai same ta ba. Wagiran kuwa sai ka rantse ajiye ta ya yi jiya ya dawo ɗauka.

A nan ƙauyen akwai dokar da ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda ya taɓa karyawa. Hannun da ya yi dukan gyara, sunansa gong zai ɗauka har abada. Ba sunan mai maƙera ba, ba na wanda ya saya ba. Shi ya sa mai gyaran murya zai ara maka kekensa, ya ba ka abincin bakinsa, amma ba zai bari ka taɓa gudumarsa ba. Daga nan har tsallaken kogi, in aka yi biki ka ji ƙasa na rawa, sai tsofaffi su ce, "Na Wagiran ne."

Matarsa Sumilah ce ta fara ganewa. Mace ce mai 'yar siririyar murya da ba ta gajiya da magana. Shekara arba'in tana zuba yana cewa "uhm", kuma su biyun sun ƙoshi da hakan. Wata safiya ta tarar da shi tsaye gaban kejin kanarinsa yana tsaki.

"Bu," ya ce, wato uwargida a yarensu, "tsuntsun nan ya zama malalaci. Wata biyu ko ƙis, sai cin tsaba."

Ta ajiye masa shayi, ta dube shi da kyau. "Pak, tun asuba yake cika min kunne. Yanzu ma ga bakinsa nan a buɗe."

Ya kalli tsuntsun. Maƙogwaronsa na rawa kuwa. Wagiran ya ɗauki shayi ya sha da zafinsa.

Sai da ta yi sati tana mita kafin ya yarda suka je asibiti a birni. Wata matashiyar likita ta rufe shi a ɗan ɗaki, ta ɗora masa abin saurare, ta ce ya ɗaga hannu duk sa'ad da ya ji ƙara. Masu kauri duk ya ji su tar. Da aka zo kan sirara, sai ya zauna yana jira a fara, alhali an daɗe da farawa.

"Pak," in ji ta, "can cikin kunne akwai wasu 'yan gasu ƙanana, jere kamar dashen shinkafa. Sauti ne ke kaɗa su, su kuma su kai wa ƙwaƙwalwa labari. Ƙara mai ƙarfi kwantar da su take yi, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Na siraran sauti su ke fara tafiya. Naka saura kaɗan."

"To in suka ƙare fa?"

"Gong za ka ci gaba da ji, ko ba komai a ƙirjinka. Muryar Ibu ce ba za ka ji ba." Ta nuna Sumilah. "Kowane duka da ka yi kanka na kusa da tagulla, daga abin da ya rage kake gutsura."

Kamar da gangan, a watan nan ne mutanen wani ƙauye na gindin dutse suka zo da buƙata. Gong ɗinsu na kaka da kakanni ya tsage, suna son sabo, mafi girman da maƙerar ta taɓa zubawa. Da aka rataye shi, mutum biyu suka kasa haɗa hannu a bayansa. Wagiran ya zagaya shi sau uku yana shafawa. Shekara hamsin yake jiran irin wannan, ya kuma san ba zai ga wani ba.

Ya tura auduga a kunne ya hau aiki. Ina audugar take ga irin wannan tsawa! Rana ta uku ya koma gida kansa na sarawa. Sumilah ta tare shi a ƙofa tana ba shi labari, yana ganin leɓenta na motsi, tana dariya tana nuni da hannu, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Ya zauna a kan tabarma ya yi ta kallon bakin nan. Sai bayan magariba muryar ta fara dawowa, can nesa-nesa. Tsoron da ya kama shi ranar bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da narkakkiyar tagulla ta zubo masa a ƙafa.

Washegari ya shiga maƙera ya nufi Ngatijo. Shi ne shugaban masu duka, ƙato mai wuyan ɓauna, tare suka taso, kuma ba ranar da ba su tsokani juna ba.

"Ungo," Wagiran ya ce, ya miƙa masa guduma.

Kowa ya juyo. Har mai zuga ya saki zugazugi.

"Kang," in ji Ngatijo, wato yaya a yarensu, "lafiya? Ko rana ta taɓa ka?"

"Karɓi, sarkin surutu. Hannuna ya gaji da miƙo."

"Ni da ka ce kunnena da kututturen bishiyar kuka ba su da bambanci?"

"Har yanzu ban canza magana ba. Ba kunnenka nake so ba, damtsenka nake so. Inda na zana, nan za ka daka. Na sa uku, ka yi uku. Ka ƙara ko ɗaya, na karya maka wuya."

Ngatijo ya rage murya. "Ka san sunan wa zai ɗauka ko?"

"A garin nan aka yanke min cibi, kai za ka koya min?"

Haka aka yi. Wagiran ya liƙa yumɓu, ya gwada, ya zana da'ira da alli, sannan ya fice ya bi kunyar gona taku ɗari uku, ya tsaya a tsakiyar shinkafa. Can ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba. Ƙarar guduma siririya ce, kafin ta iso ta galabaita, ba ta da sauran dafi. Muryar gong kuwa, da yake mai kauri ce, sai ta ratsa bango da ganyen ayaba ta iske shi cikakkiya, tas, ta fi yadda yake jin ta a ciki ma. Ya saurara, ya ƙirga igiyar da numfashinsa, ya dawo ya sake zane, ya sake fita.

Kwana goma sha tara yana wannan safa da marwa da gwamayen ƙafafunsa, wata rana sau talatin. Manoma suka riƙa yi masa tsiya.

"Pak Wagiran, an kore ka daga maƙera ne ka dawo gadin tsuntsaye?"

"Eh mana, na ga ku kun kasa!"

Ni dai ban taɓa ganin taurin kai mai kyau irin wannan ba. Ngatijo ma, da ba ya jin maganar kowa a duniya, ya zama kamar ɗan makaranta. In alli ya ce biyu, sai ya yi biyu ya ɗaga guduma sama yana jira, gumi na zuba.

Ranar da masu gong suka zo ɗauka, aka dafa rawayar shinkafa aka yi addu'a. Dattijonsu ya karɓi mabugi ya sauke shi a hankali. Muryar ta fito daga ƙasa, ta bi ƙafafun mutane ta hau ƙirji, tana tashi tana kwanciya, ta ƙi ƙarewa. Ba wanda ya motsa sai da ta ɓace. Dattijon ya share ido da gefen zanensa.

"Hannun wa?"

"Ngatijo," in ji Pak Sutarmin, yana kallon ƙasa.

Ngatijo ya buɗe baki. "Pak, gaskiyar magana..." Wagiran ya taka masa ɗan yatsa har sai da ya haɗiye sauran. Doka doka ce, ba shi zai lanƙwasa ta don kansa ba. Amma ya ji ciwo, kar wani ya ce bai ji ba. Yana tsaye aka rungumi Ngatijo, aka yi ta maimaita sunan, aka ɗora gong a mota.

Da la'asar sakaliya ya ɗauko Sumilah a bayan keke. Suka kama hanyar gida. Can sai ta fara ƙunƙuni ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta tabbata ita kaɗai ke jin kanta.

"Tsohon wawa. Shekara hamsin kana jira, ka ɗauka ka ba ɓauna. Wa ya roƙe ka? Me ke cikin surutuna da har za ka..." Muryarta ta karye.

"Wawan da kika ce dai na ji," in ji Wagiran, bai waiwayo ba. "Ɓaunar ma na ji."

Ta yi shiru, ta damƙe rigarsa.

"A'a, kar ki tsaya, Bu," ya ce, ya rage gudun keken. "Ci gaba. Ina jin ki."