Masar Arba'in ɗin Baba

Ba mugu aka haifi yayana ba, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

A Salaga, idan magidanci ya rasu, matarsa ce ke ɗaukar nauyin addu'ar arba'in: masa, shinkafa, goro, da abin sallamar malamai. Mun ga matan da suka sayar da tukwanen aurensu don kada a ce sun wulaƙanta mamaci. Tun yana saurayi Yaya ya fara faɗa da wannan al'ada. Ina tuna ranar da dangin wani mamaci suka ɗauko keken ɗinkin matarsa, wata Bagwanja maƙwabciyarmu, za su kai kasuwa. Yaya ya tare ƙofa, ya ce sai dai su bi ta kansa. Suka ajiye keken. Ranar har guɗa na yi.

Daga nan ya tafi Yendi karatu, ya wuce Bawku ya tara samari. Duk zuwan da zai yi gida sai mu ji wa'azin ya ƙara kaifi. Ya daina cewa ana zaluntar mata, ya koma cewa mata ne ke ɓata addini. Ko sallama ka yi masa, sai ya auna ka kafin ya amsa.

Da Baba ya rasu, Mma ba ta nemi komai ba illa ta toya masar sadaka da hannunta ranar arba'in. Ba wanda ya tilasta ta, ba abin da aka sayar. Baba yana son masarta, iyakar dalilin ke nan.

Da hantsi, tanda na kan wuta, sai ga Yaya daga Bawku da samarinsa. Bai gai da Mma ba. Ya ɗaga robar ƙullun ya juye a kwata, ya sa ƙafa ya fasa tandar. Samarin suna ta kabbara a tsakar gidanmu kamar sun ci gari.

Mma ta ce, "Ubanka ne fa."

Ya ce, "Shi nake ceta daga hannunki."

Na zage shi tas, kuma ko yau aka maimaita zan ƙara. Ko kallona bai yi ba.

Ana cikin haka Bagwanjar nan ta yi sallama. Ta tsufa, tana ɗauke da kwanon shinkafa, gudummawarta. Yaya ya tare ƙofa ya ce ta koma da shi.

Ta ce da Hausarta ta Gwanja, "Malam, ba ka sani ni ba? Kai ne ya hana su sai da mashin na na ɗinki. Da mashin ɗin na samu shinkafa nan."

Ya dube ta sosai, ya ce, "Ban san ki ba." Ya buge kwanon.

Ita da Mma suka durƙusa suna tsince shinkafar daga ƙasa. Shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a ware, daidai yadda ya tsaya a ƙofarta wancan karon.